Ƙuri'u Huɗu na Gidan Alyre

Shekara ashirin da biyu Alyre Doiron ya yi yana tuƙa motar share ƙanƙara a hanyar garinmu, Anse-Grise, kuma kowa ya san ba iyawa kaɗai ta ba shi ita ba. A lardinmu aikin hanya na jam'iyyar da ke mulki ne. Gwamnati na faɗuwa, makullan motoci sun canja hannu kafin sati ya zagayo.

Mazaɓarmu kuwa tun kaka da kakanni jam'iyyar Ja take yi. Akwatin garinmu mutum arba'in da ɗaya ne, talatin da takwas Ja, uku jam'iyyar Shuɗi. In tsoho ya mutu ɗansa ya gaji ƙuri'arsa. Ukun nan ma an san su, 'yan gidan Gaudet ne, masu taurin kan tsiya. Wai ƙuri'a sirri ce, a garin da kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa jiya.

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin Shuɗi za su karɓe lardin, hankalin Alyre ya tashi. Shekarunsa hamsin da takwas, ciwon baya ya hana shi fita kamun kifi, gonar dankali kuma tun ubansa na raye aka sayar. In motar nan ta kuɓuce masa, kashinsa ya bushe. Tsoro ya kama shi har abinci ya daina shiga. Wata Lahadi da aka fito daga coci ya ja Fidèle Gaudet, jagoran Shuɗi, bayan rumbun kifi, ya yi masa alkawarin ƙuri'un gidansa huɗu: tasa, ta matarsa Zélie, da na 'ya'yansa mata biyu. Fidèle ya ce za a duba. Iyakar abin da ya ce ke nan fa.

Zélie ta yi kuka, ta ce da ubanta na raye da ya tsine mata. Amma ta bi mijinta.

Aka ƙirga akwatinmu: talatin da huɗu, da bakwai. Shuɗi suka kafa gwamnati, mazaɓarmu dai ta tsaya a Ja ɗinta. Ba a sha wahalar lissafi ba. Mata suka bi gida-gida da baki, kafin azahar an gano gidan da huɗun suka fito. Abokan da Alyre ya yi shekara talatin yana karta da su suka daina amsa gaisuwarsa.

Ya tafi wurin Fidèle kan maganar motar, hula a hannu.

"Kawu, ƙanena shekara ashirin da biyu yana kallon motar nan tana wuce shi," in ji Fidèle. "Kai sau ɗaya ka zaɓe mu."

"To da me zan ci da gidana?"

"Je ka tambayi Ja."

Ƙanƙarar farko ta sauka a watan Nuwamba. Da safe Alyre ya ji ƙugin motar, ya fito ba ko rigar sanyi. Ƙanen Fidèle ne a ciki, ya sauke ƙarfen sharar har ƙasa sosai, ga gada a gabansa inda bakin katakon ya ɗago. Alyre ya bi shi da gudu yana ɗingishi, yana ihu ya ɗaga ƙarfen, zai karya wa motar haƙori. Direban ya leƙo ta madubi, ya ga ko wane ne, ya ƙara wuta.