Ranar da Ba-Yoyo Ya Huda Ƙarfe

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Ba-Yoyo ake ce masa, yara su ƙara da Baba a gaba. A wurin aiki ya samo sunan, domin tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce, waldar tankunan ruwa na ƙarfe. In ya gama haɗa tanki sai ya cika shi da ruwa, ya jawo kujera ya zauna yana harararsa, ko zai ga ɗigo. Tanki bai taɓa ba shi kunya ba. Mutum ne marar son magana, har matarsa takan ce shi ma waldarsa aka yi, ba abin da ke fita daga cikinsa.

Sai tankin roba ya shigo kasuwa, ga shi ba nauyi, ga shi ba ya tsatsa. Shagon da yake aiki ya yi ta ja da baya har aka rufe. Ba-Yoyo ya kwaso injin waldarsa ya kai ɗakin ajiya, ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya koma zaman ƙofar gida. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ko da wasa bai faɗa ba. Daga ƙarshe ya aika wa abokinsa mai yin ƙofofi cewa ya zo ranar Asabar ya ɗauke injin, shi kam ya gama da ƙarfe.

Labari ya kai kunnen autarsa, wadda ke da ɗan shagon abinci a bakin titi. Ta zo gida ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙa masa waya.

"Baba, dubi wannan. Murhun kyafe nama ne. Wuta tana wancan ƙaramin akwatin na gefe, nama yana cikin babban, hayaƙi ne ke ratsawa ya dafa shi a hankali. Irinsa nake so a shagona."

Ya kalli hoton a kaikaice. "Wa ya yi wannan waldar? Da ƙafa ya yi ta?"

"Shi ya sa na zo wurinka ai."

"Na gama, Auta."

"To, ka gama ranar Asabar. Yau ai ba Asabar ba ce."

Ya miƙa mata wayarta. Amma da ta tafi, matarsa ta ji motsi a ɗakin ajiya, ta leƙa ta ga bargo a ƙasa.

Akwai wani tsohon tanki mai siffar ganga da maƙwabci ya jefar a bayan gida bayan ya sayi na roba. Ba-Yoyo ya gane shi tun daga nesa, aikin hannunsa ne. Ya mirgino shi tsakar gida, ya kankare tsatsar, ya ƙona cikinsa ya wanke. Ya kwantar da shi a kan ƙafafu huɗu, ya yanka masa ƙofa, ya shimfiɗa raga a ciki. Ya ƙera akwatin wuta ya ajiye a gefe ɗaya, ya kafa bututun hayaƙi a ɗaya gefen, kamar yadda ya gani a hoto. Gidan ya cika da ƙarar giranda mai yankan ƙarfe da ƙaurin walda, shi kuma ya fara cinye abincinsa tas har yana neman ƙari.

Sai dai hali ba ya barin mai shi. A lissafin Ba-Yoyo, tunda hayaƙi ake so, to hayaƙi kamar ruwa ne, kada ya zube. Ya bi duk wata kafa ya toshe. Ƙyauren akwatin wuta kuwa ya zaunar da shi daram, ko allura ba za ta shiga ba. Da ya gama, sai ya ɗauko bokiti ya fara ɗura ruwa a cikin akwatin wutar ta sama kafin ya liƙa shi da jikin tankin.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Malam, nama za a gasa a ciki ko kifi za mu kiwata?"

"Gwaji nake yi."

Gwaji ya yi kyau, ko ɗigo babu.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta kawo nama. Aka hura gawayi, aka ɗora itace, aka rufe. Hayaƙi ya ɗan fito ta bututu, sannan ya tsaya. Ba-Yoyo ya buɗe akwatin ya ga wuta ta mutu. Ya sake hurawa, ya rufe, ta sake mutuwa. Haka aka yi ta yi har naman ya yi baƙi ƙirin da ƙauri, cikinsa kuwa ɗanye shataf. Auta ta gutsiri kaɗan ta tauna, ta haɗiye da ƙyar don kada ya ji kunya. Ya gani, kuma ganin ya fi masa zafi da a ce tofarwa ta yi.

Ba wai bai gane ba. Idonsa ya nuna masa: in ya buɗe ƙyaure garwashi ya yi ja, in ya rufe ya yi toka. Wuta iska take nema ta ƙasa, hoton kuwa bai nuna wancan ɓangaren ba. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana toshe huji, yau a ce ya ɗauki ƙarfe lafiyayye ya huda da hannunsa?

"Ku bar shi," in ji shi. "Hannun ne ya tsufa. Gobe za a zo a ɗauki injin."

Auta ta tattara naman a kwano. "Shi kenan, Baba. In abokin naka ya zo goben, sai in roƙe shi ya huda mini. Ai shi ma yana taɓa walda."

"Yana me?"

"Yana taɓawa."

Ba ta jira amsa ba ta yi sallama.

Da gari ya waye, matarsa ta same shi tsugune gaban akwatin wuta da alli a hannu. Ya zana layi ya goge, ya sake zanawa. Ya daɗe riƙe da giranda bai kunna ba. Da ya kunna kuwa, sai ya yanka 'yar taga mai kyau a ƙasan ƙyauren, ya goge bakinta sumul. Ya yi mata murfi mai zamewa, a buɗe ta da yawa ko kaɗan gwargwadon yadda ake son wuta. Ya hura gawayi ya rufe ƙyaure, ya zauna yana jiran mutuwarta. Wuta ta ƙi mutuwa. Wani siririn hayaƙi fari-fari ya miƙe ta bututu, ya yi ta tafiya bai yanke ba.

Kafin la'asar, ƙamshi ya tsallaka katanga. Auta ta dawo da sabon nama tun da hantsi, kamar ta san abin da zai faru, kuma wannan karon da hannu aka yage shi don laushi. Ba-Yoyo ya yi dariya har da tari, abin da gidan ya daɗe bai ji ba.

Ana cikin haka mai ƙofofi ya yi sallama, ya shigo da amalanke don ɗaukar inji. Aka miƙa masa yanka ɗaya. Ya ci, ya zagaya murhun yana shafa ɗinkin waldar da yatsa, har ya iso kan tagar. Ya tsaya.

"Ba-Yoyo, wa ya huda maka aiki?"

"Ni."

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina. Har na ga ya kamata a ƙara wata ƙarama a sama."

Mai ƙofofi ya dubi injin, ya dubi abokinsa. "To, in ɗauka?"

Ba-Yoyo ya miƙa hannu ya ɗan zame murfin tagar, garwashi ya ƙara ja.

"Bar mini amalanken dai," in ji shi. "Da shi za mu kai wa Auta wannan shago. In mun dawo, akwai wani tsohon tanki a layin baya da nake so ka taya ni ɗauka."