Jirgin Baffa Ɗanjuma da Gyalena

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Wudil ya san juyin Baffa Ɗanjuma. Da an idar da la'asar zai tsaya a tsakar gida, ya miƙe hannun dama kamar mai nuna jinjirin wata, ya kama juyawa a wuri ɗaya har kajin matarsa, Inna Ladi, su gaji da kallo su watse. Ranar da wata baƙuwa daga Achika ta fara ganinsa, yar da ƙwaryar furarta ta yi, ta fita da salati, ta dawo da malamin ruƙiyya. Baffa bai tsaya ba. Yana cikin juyin ya amsa gaisuwar malamin, ya ce ba aljani ba ne, kansa yake horarwa don kada jiri ya kayar da shi ranar da jirginsa zai tashi. Malam ya tofa masa addu'a duk da haka, sai dai da ƙyar ya saita fuskar Baffa, don bai daina juyi ba.

Jirgin kuwa gaskiya ne. Tun yana saurayi Baffa ya ga wani jirgi mai fukafukai hawa biyu yana feshin tsuntsaye a fadama, ya rantse sai ya ƙera ƙaraminsa, komai da komai. Tsawonsa bai wuce hannun mutum ba. Zare biyu dogaye ake ɗaura masa, matuƙi ya tsaya a tsakiya da mariƙi a hannu, jirgi yana zagaya shi, shi ma yana binsa da juyi. Gyaran rediyo ce sana'arsa, amma rabin shagon nan jirgi ne. Ƙasusuwan fukafukan da tukurwa ya fere su, tayoyin daga tsohon silifas ɗin Inna, zaren kuwa wajen masunta ya roƙo a bakin kogi. Injin kaɗai ya saya, ɗan mitsitsi, a wajen 'yan gwangwan a Kano, shi ma ya kusa sa mai kayan kuka kafin su daidaita.

Babban maƙiyinsa a duniya nauyi. Duk abin da ka miƙa masa, ko goro ne, sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina, ya girgiza kai ya ce, "Ya yi nauyi." An taɓa miƙa masa jariri ranar suna, mu duka muka riƙe numfashi. Ya jinjina, ya ce wannan ba zai tashi ba. Mai jego ta yi wata guda ba ta gaishe shi.

Jirgin ya daɗe da kusan kammala, amma a ƙarƙashin gado yake kwana. Baffa ya ce muddin soja ke mulki ba zai fito da shi ba, don kada a ce ya kafa rundunar sama a Wudil a tafi da shi. Inna ta ce wane sojan ne zai ji tsoron silifas ɗinta? Ya ce ita ba ta san soja ba.

Ni ya riƙe tun rasuwar mahaifina, yayansa, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Uwata yake kirana. Lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, ina jiran dogon saurayi mai sanyin murya ya sauko daga mota ƙamshi na binsa. Wanda Allah ya kawo shi ne Habibu, malamin gona daga Indabo, gajere kakkaura, a kan babur ɗin da ke nishi in ya hau. Amma zuciya ba ta shawara da littafi. Ya kawo mini gyale ruwan hoda, shara-shara, na ninke shi a ƙasan akwati, kullum sai na ciro na shinshina na mayar.

Wata safiya na buɗe akwati babu gyale. Na shiga shago in yi cigiya, sai ga shi an yanka, an ɗame shi a kan fukafukan jirgi, an shafe da gam yana ƙyalli. Baffa ko kunya babu, ya ce ya zaga kasuwar Juma'a kaf bai sami yadi mara nauyi kamarsa ba.

"Baffa, Habibu ne fa ya ba ni!"

"To ai shi ke nan abin kirki ɗaya da ya yi, Uwata."

Nan ne matsalar take. Manyan Habibu sun zo neman aure, Baffa ne waliyyina, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Wai da suka gaisa ya ji hannun yaron ya yi nauyi. Inna ta yi faɗa, limamin unguwa ya sa baki, Baffa ya ce a bari jirgi ya tashi tukuna. Na yi kuka irin na jaruman littafi, har da ƙin cin tuwo, babu wanda ya lura sai kaji.

Ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ana gama rantsuwa a rediyo Baffa ya jawo jirgi daga ƙarƙashin gado. Rabin unguwa ya bi shi filin ƙwallon makaranta. Damina ta fara, hadari na haɗowa a gabas. Ana buƙatar wanda zai danne wutsiyar jirgi har inji ya kama, Baffa ya dubi Habibu ya ce ga ranar da nauyinsa zai yi amfani. Shi kuma Baffa, mutumin da ke ƙirga ɗigon mai kamar turare, ranar sai ya cika tanki taf.

Inji ya ɗauki ƙara kamar ƙudan zuma dubu. Habibu ya ɗauke hannu. Jirgi ya sheƙa a ƙasa, ya ɗaga. Wallahi ya tashi! Gyalena a sama, ruwan hoda a gaban baƙin hadari, yana zagaya mu. Tsofaffi suka hau salati, wata ta kwanta rub da ciki. Ni kuwa na manta da fushi, na dafe ƙirji.

Sai iska ta taso. Abin da Baffa bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, injin nan ba a kashe shi, sai mai ya ƙare. Baffa kuma siriri ne kamar kara. Jirgi ya fara jansa, ƙafarsa na sharar ƙasa, hularsa ta tafi, juyin da ya shekara yana koya ya gagare shi. In ya faɗi, jirgin da farfelarsa cikin mutane zai faɗa. Kowa ya ja baya yana ihu. Habibu kaɗai ya duƙa ya ruga ta ƙarƙashin zaren, ya rungumo Baffa ta baya, ya kafe ƙafa, suka ci gaba da juyawa tare. Muna jin Baffa yana cewa, "Kada ka taɓa mini hannu! Ƙugu kawai!" Habibu kuwa, wanda bai taɓa juyin la'asar ba, ya rufe ido yana kiran sunan Allah.

Da mai ya ƙare jirgi ya sauko a hankali, ya gangara ya tsaya ko kwarzane babu. Su biyun suka zube. Habibu ya rarrafa gefe ya mayar da abincin rana gaban jama'a, abin da babu jarumin littafin da ya taɓa yi. Baffa na kwance yana kallon sama, ya kira ni.

"Uwata, yaron nan ya yi nauyi." Ya numfasa. "A gaya wa manyansa na ba shi."

Jirgin bai ƙara tashi ba. Baffa ya ce ya gani da idonsa, ba zai ɓata mai a banza ba. Yana rataye a falonmu yanzu, gyalen ya koɗe, 'ya'yana ba su yarda ya taɓa barin ƙasa ba.

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa, Habibu na cikin masu ɗaukar makara. Ya dawo idonsa jajir, ya ce mini kamar babu kowa a ciki. Na yi dariya, na yi kuka. Baffa, ka yi haƙuri, sau ɗaya za mu roƙa maka abin da ka ƙi jini. Allah ya nauyaya mizaninka na alheri, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya gafarta maka.