Mako Biyu Kawai Ya Roƙa

Shekara ashirin da uku Baba Ganye ya yi yana kula da shuke-shuken wani ofis mai hawa huɗu, har aka manta sunansa na yanka. Shara aka ɗauke shi yi. Da aka lura duk tukunyar da ya taɓa ba ta mutuwa, sai aka karɓe tsintsiya aka miƙa masa buta.

Bai yi boko ba, amma yana da doka guda: ba a ɗauko shuka daga zafi a jefa ta cikin sanyi rana ɗaya, haka ma daga sanyi zuwa zafi. In an sayo sabuwa, sai ta yi kwana uku a baranda, uku a gindin matakala, huɗu a bakin ƙofa, kafin ta shiga zauren da esi, na'urar sanyaya ɗaki, ke hurawa. Ma'aikata suna ta dariya, wai tsoho na yi wa tukunya rakiya. 'Yarsa, malamar makaranta, ita ta taɓa fassara masa abin da hannunsa ya riga ya sani.

"Baba, ganye girki yake yi da haske, kuma yana numfashi, numfashin yana cin abin da ya girka. In zafi ya faɗo masa kwatsam, ci ya fi girkin yawa. In an bi shi a hankali, sai ya daidaita kansa."

"To da nake cewa yunwa ke kashe su, ƙarya na yi?" in ji Baba.

Abin alfaharinsa wata bishiya ce mai faffaɗan ganye da ake kira bishiyar roba, tana cikin babbar tukunya a zauren baƙi. Tun tana reshe kamar ɗan yatsa ya raine ta, yanzu ta kusa taɓa silin. Duk rayuwarta a sanyi ta yi.

Sai ga sabon manaja, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a inda suka same shi. Ya ce bishiyar ta tare masa allon talla, a fitar da ita wurin ajiye motoci, yau yau ɗin nan.

"Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu. Zan fitar da ita da kaɗan-kaɗan."

"Baba, bishiya ce fa! Ina ka taɓa jin rana ta kashe bishiya?"

Ƙarti huɗu suka kinkime ta, suka dire a kan siminti mai ƙuna, tsakiyar watan zafi. Baba ya tsaya yana huci. Ya yafa mata tsohon labule, manaja ya aiko a cire, wai ya ɓata fuskar ofis. Ka ji mutum! Kwana uku ganyen suka yi tabo-tabo, suka langwaɓe. Baba ya duba sabon toho a ƙasa, ya ga da sauran rai, in an bar ta a inuwar baranda za ta farfaɗo.

Amma manaja ya leƙo ta taga, ya ga abin kunya a gaban baƙi. Maimakon ya tambayi wanda ya sani, sai ya ce a mayar da ita zaure, a ƙure esi ta huce. Baba ya daka tsawa irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kun ƙona ta, yanzu kuma za ku daskarar da ita? Ku bar ta ta ji da abu ɗaya mana!"

Ba wanda ya saurare shi. Cikin kwana goma ganye na ƙarshe ya faɗi, tohon ma ya yi baƙi.

Ranar Litinin sakatariyar manaja ta kira shi, ta kasa haɗa ido da shi. Ta miƙa masa takardar tuhuma, wai sakacinsa wajen ban ruwa ne ya kashe dukiyar ofis. A kan teburinta kuma ga zarto.

"Baba, yi haƙuri. Ya ce kai za ka yanka ta, kafin baƙi su iso."