Tallar Shinkafa a Kunnen Mara Lafiya

Duk Kiristan da ke jin Hausa a Faransa, in dai ya taɓa kwanciya ciwo ko ya yi jinyar wani, ya san muryar Jacques Muntaka. Mutumin Maradi ne, ɗan wani mai bishara da ya ƙare rayuwarsa bisa keke tsakanin ƙauyuka. Gajere, mai sanƙo, in ka gan shi cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da tsohuwar rigar sanyinsa ba za ka sake kallonsa ba. Amma bari ya buɗe baki. Murya ce mai kauri da sanyi, wadda in ta ce maka Allah yana nan, sai ka ji kamar yanzu suka rabu.

Sauran ranakun mako gadin wani kanti yake yi. Ran Lahadi da la'asar kuwa sai ya sauka ɗakin ƙasa na wata ƙaramar majami'a kusa da Porte de la Chapelle a Paris, inda aka jingina tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar motoci ta shiga, ya gabatar da shirinsa mai suna Sauke Kaya, wanda ake ji ta intanet. Al'adar shirin ita ce, mai jinya ya bugo waya ya faɗi sunan mara lafiyarsa, sannan ya kai wayar daidai kunnensa. Jacques ya kama sunan nan ya yi addu'a a kai, masu sauraro kuma daga Paris har Garoua suna amsawa da amin a ɗakunansu. Mutane sun riƙe abin da gaske. Wanda ya mutu bai ji sunansa a Sauke Kaya ba, cewa ake ya tafi ba rakiya.

Shekara da shekaru yana wannan, ladansa na gode da Allah ya saka. Matarsa Clarisse, 'yar Garoua, shugabar waƙa a zumuntar mata, ita ke soya fanke ta bi shi da shi. Sai ciwon ƙoda ya kama ta. Ɗakinsu yana can ƙololuwar bene, ba na'urar hawa, ranar wankin ƙoda sai ya goya ta a baya ya sauko da ita, shi da gwiwoyinsa ma sun fara ƙara. 'Yarsu Nadia, da ke aikin jinya a Lyon, ta ce su taho unguwar Les Minguettes kusa da ita. A daidai lokacin ne wani gidan rediyon unguwa a La Guillotière, cikin Lyon, ya nemi mai gabatar da filin Hausa, da albashi. Labarin kasuwa, bayanin takardun zama, kiɗa da talla. Sharaɗinsu guda ne, kuma shugabar gidan, wata Baturiya mai gilashi, ta maimaita masa shi har ya gaji: ba wa'azi, ba addu'a, ko ta wane addini.

To ni dai ban ga laifin mutumin da ya gaji da goyon matarsa a matakala ba. 'Yan majami'a kuwa sun gani. A gabansa aka yi masa addu'ar sallama, a bayansa aka ce makiyayi ya bar tumaki ya tafi tallar gishiri. Duk da haka ran da ya fara aiki a Lyon kowannensu ya kama tashar ta intanet, wai don ya ji yadda za ta kaya.

Bai daɗe da farawa ba, yana cikin lokacin gwaji, aka haɗa shi da wani mai kira. Daga sallama ya gane muryar. Baba Alain ne, tsohon direban tasi ɗan N'Djamena, dattijon majami'arsu ta Paris, wanda ya riƙe Nadia a hannu ranar da aka yi mata baftisma. Tsohon bai san wani sharaɗi ba, shi dai inda muryar Jacques take nan Sauke Kaya yake. Ya ce matarsa Mama Marie tana asibiti, likitoci sun ce a kira 'yan'uwa, ga wayar ya kai kunnenta, a yi mata addu'a.

Jacques ya ɗaga kai. Ta bayan gilashi shugabar tana kallonsa. Ba ta jin Hausa, amma ta ji sunan Yesu a bakin tsohon, ta ɗaga yatsa ta kaɗa. Ya tuna gidan Les Minguettes mai na'urar hawa. Ya tuna matakalar Paris. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba. Sai mu je talla."

Tallar kuwa da muryarsa aka naɗe ta, tana fara'a har tana rangwaɗa: shinkafa mai ƙamshi ta iso kantin Alhaji Daouda, La Guillotière, daura da tashar jirgin tram, ki dafa uwargida, maigida ya lashe hannu. Abin da ya shiga kunnen Mama Marie ke nan. Kafin Jacques ya gama shirin ya fita waje ya kira tsohon, wayar a kashe take. Washegari Mama Marie ta cika.

Magana zarar bunu ce. Wani ya naɗi wurin ya watsa ta waya, kafin a binne tsohuwar har Maradi an ji. Aka raɗa masa Yahuza Mai Shinkafa. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa, wasu da zagi tsirara, wasu da ayar Littafi Mai Tsarki, waɗanda suka fi zagin ciwo. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi Paris gaisuwa. Ɗakin cike, ba wanda ya gyara masa wurin zama. Ya durƙusa gaban Baba Alain ya fara bayani, tsohon ya dube shi ya tambaye shi ya kasuwa, sannan ya juya ga na kusa da shi. Haka ya dawo Lyon bai sha ko ruwan gidan ba.

Abin haushin, a La Guillotière tauraronsa sai haskawa yake. 'Yan kasuwa suna kiransa Malam Muntaka, suna jan shi shan shayi. Alhaji Daouda, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya lura baƙin fuska suna zuwa kallon kantinsa suna ɗaukar hoto, ya aika wa Jacques buhun shinkafa na godiya. Buhun nan ya zauna a bayan ƙofar kicin, ba wanda ya kwance bakinsa.

Wadda ta sha dukan da gaske ita ce Clarisse, da ba ta ci nanin ba. Matan zumunta da ta koya wa waƙa suka daina kiranta. In ta kira, a ce ana kan hanya, za a neme ta. Ba ta taɓa ɗora wa mijinta laifi ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Kowace Lahadi da la'asar takan kama Sauke Kaya ta saurara. Baba Alain ne ya karɓi shirin, da muryarsa mai kama da tsohuwar ƙofa, yana in'ina yana mantuwar sunaye. Jacques yakan fita baranda har a gama.

Da jikin Clarisse ya ƙi, likitoci suka sallamo ta gida, kowa ya gane ma'anar hakan. Ba ta nemi komai ba sai abu guda. Ta kama hannunsa ta ce, "Baban Nadia, ina so in ji sunana a Sauke Kaya. Ina so in ji mutanena sun ce mini amin."

Ya ce za ta ji. Nadia ta ja shi kicin ta roƙe shi kada ya kira, ta ce ta san mutanen nan. Ya ce ai shi ya fi ta saninsu, fushinsu da shi ne, ba da uwarta ba, kuma ba Kiristan da zai hana mai mutuwa addu'a. Yana faɗar haka idonsa ya sauka kan buhun shinkafa, ya kau da kai. Ya kira Faston majami'arsu ta Paris ya ƙasƙantar da kansa iyakar ƙasƙanci. Fasto ya ce layin a buɗe yake ga kowa. Jacques ya ɗauki wannan a matsayin yafiya. Kaico, mai neman ruwa ko a rariya aka ba shi godiya yake.

Ran Lahadi Nadia ta ɗaura wa uwarta kallabin zumunta, ta ɗaga ta da matasai. Rana tana shigowa ta taga, a ƙasa yara suna buga ƙwallo. Jacques ya kira tun farkon shiri, aka ce ya riƙe layi. Suna ji aka yi wa mai ciwon baya addu'a, aka yi wa mai jiran takardu, aka yi wa wani yaro da zai yi jarrabawar tuƙi. Clarisse tana motsa leɓe tana ce musu amin ɗaya bayan ɗaya. Sai dab da rufewa aka ce ga shi a layi.

Ya gaida Baba Alain gaisuwar ɗa da uba. Ya ce shi ne Jacques, ya san abin da ya yi, ba don kansa ya kira ba. Clarisse ce, 'yarku, tana kan gargara, ga wayar a kunnenta. Ya durƙusa bakin gado ya riƙe mata wayar. Ta lumshe ido, fuskarta ta saki, tana jira.

Baba Alain ya gyara murya. Ya ce, "Allah ya ba da lafiya. Sai mu je talla."

Rediyon majami'a bai taɓa yin talla ba tun da aka kafa shi. Tsohon da bakinsa ya yi ta, a hankali, ba in'ina, ba mantuwa, ashe tun ranar nan ya haddace ta. Shinkafa mai ƙamshi ta iso kantin Alhaji Daouda, La Guillotière, daura da tashar jirgin tram. Da ya kai ga maigida ya lashe hannu muryarsa ta karye, amma sai da ya ƙarasa. A bayansa ana jin motsin mutane cikin ɗakin nan mai katifu, mutanen da Clarisse ta ciyar da fanke, ba wanda ya ce masa ya isa. Aka saka waƙar rufewa, wadda ita ta koya musu.

Nadia ta fizge wayar ta kashe, ta fita tana kuka. Clarisse ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juyo da kai da ƙyar ta ce masa to shi ya yi mata.

Jacques Muntaka, da ya raka mutane ba adadi da addu'a, ya runtse ido ya haɗa hannuwa. Ya ja numfashi yadda ya saba, muryar nan mai kauri ta fito da kanta, ta hanyar da kaɗai ta sani. Ya ce, "Jama'a masu sauraronmu, a duk inda kuke, mu haɗa zuciya, ku taya ni da amin."

Ya tsaya yana jira, kamar yadda yake tsayawa a dā. Ba a ji komai ba sai ƙwallon yara daga ƙasa.

Clarisse ta ce, "Ba kowa, Baban Nadia. Ni kaɗai ce."