Saƙonnin Umma a Gasar Dutsen Ƙanƙara

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ni ɗaliba ce a Guangzhou, 'yar Kano, ina karatun haɗa magunguna. Duk wanda ya san ni a lokacin zai gaya muku ba a fi ni rawar kai da saurin baki ba, magana in ta zo mini sai na faɗe ta sannan in yi tunani. Hutu ya zo ban tafi gida ba, don a shekarar nan biza ta yi tsauri, wanda ya fita ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo. Zaman ɗaki ya ishe ni, ga zafin garin mai sa mutum ya jiƙe yana zaune. Shi ya sa da na ji ana neman wadda ta iya Hausa da Turanci da ɗan Sinanci ta taimaka wajen wata gasar yara, ban ma tsaya tambayar wace irin gasa ba ce, na ce ga ni.

A ƙasan wani katafaren ginin kantuna aka kai ni, inda aka shimfiɗa filin ƙanƙara, benaye sun kewaye shi ta sama da gilashi. Malamin wasan mutumin arewacin China ne, can inda ake sanyi. Wasan kuwa, dutse ne mai nauyi da mariƙi kamar na butar shayi, yaro ya durƙusa ya tura shi a kan ƙanƙara, biyu su bi ta gabansa da tsintsiya mai sanda suna gogewa da sauri, don ya yi nisa ya tsaya cikin wata da'ira. Ranar farko na yi dariya har da hawaye, na ce wa yaranmu oh, ashe kun iya shara, a gida ne hannunku ke ciwo. Yawancin yaran 'yan China ne, sai namu kaɗan, 'ya'yan 'yan kasuwarmu na unguwar Sanyuanli. Aikina in tsara wa zai kara da wa, in raba safar hannu, in yi tafinta. Ni kuma da neman suna sai na buɗe shafi a intanet, kullum da yamma in rubuta wanda ya ci, in sa hotuna, dangi na Kano da Damagaram da Kumasi su gani su rubuto a ƙasa.

Cikin yaran akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, marar hayaniya, amma in ta tura dutse sai ka rantse magana take masa. Mahaifinta Alhaji ne mai sarin tufafi a kasuwar Canaan. Ta gaya mini Ummanta ta tafi Kano haihuwa, ta sauka, an wuce da ita ƙauye wankan jego inda babu sabis, shi ya sa ta daɗe ba ta ji muryarta ba. Alhajin bai taɓa zuwa kallo ba, matar maƙwabcinsu ke kawo ta, ni kuwa a raina ina ta jin haushinsa, ina cewa mutum ya fifita dilar kaya a kan 'yarsa. Ana nan sai ga saƙo a ƙasan hotonta, an sa hannu da Umma. Umman ta ce ƙaninta take faɗa wa, shi kuma in ya shiga gari ya rubuto a shagon kwamfuta. Ta sa wa yarinyar albarka, ta ce ta riƙa yin bismillah kafin ta saki dutsen. Da na karanta mata, yarinyar nan ta riƙe gefen hijabina ta ce Anti don Allah ki maimaita. Daga ranar kullum sai saƙo ya zo, kullum sai na karanta mata, ina ta fankama cewa shafina ya haɗa uwa da 'ya.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ranar da Umma ta rubuto cewa a gaya wa yarinyar ta riƙa ɗaure ɗankwalinta da kyau, don ya zame lokacin da ta faɗi. Ta faɗi kam, a gabana ma, amma ban rubuta ba, ban sa hoton ba. Na ce ƙila wani ne ya faɗa a waya. Bayan nan kuma ta rubuto cewa ta daina ara wa ƙawarta 'yar China safar hannunta tana wasa da hannu tsirara, sanyi zai kama ta. Na zauna na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka ga haka. Na tambayi malamin ko akwai wata kyamara da ke nuna filin a intanet, ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Na ji wani iri, amma aiki ya sha kaina na share.

Wata safiya na nemi izini na raka wata Hajiya da ta zo daga Kano saro kaya, don in yi mata tafinta a Canaan. Muna cikin ɗaga riguna, bakina da ba ya shiru ya ɗauko labarin yarinyar da saƙonnin uwarta, har na kwatanta mata Alhajin. Hajiya ta saki rigar da ke hannunta ta yi salati. Ta ce matar nan ai ta rasu wajen haihuwa tun kafin ma a fara gasarmu, ita da ƙafarta ta je zaman makoki. Ta damƙe hannuna ta ce in rufa mata asiri in ja bakina, Alhaji ya roƙi kowa a ɓoye wa yarinyar har ya samu takardun da zai kai ta gida, a faɗa mata cikin gwaggonninta da kakarta, kamar yadda ake yi wa wanda ke nesa. Na yi mata alkawari, sannan na ce to wa ke rubutowa? Ta ce Allah masani, ta juya ta ci gaba da ciniki da laoban, wato mai shagon. Ni dai ban san yadda na kai kaina filin ƙanƙara ba. Ina shiga ofishin filin na kunna kwamfuta, sai ga sabon saƙo, an turo shi ina kasuwa. Umma ce take tambaya ko lafiya yau Anti ba ta zo atisayen safe ba.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Tun daga nan filin ya sauya mini. Sanyin da nake jin daɗinsa a da ya koma shiga mini har ƙashi. Gurnanin dutsen nan in yana tafiya a kan ƙanƙara sai in ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. In ɗaga kai in dubi gilasan benaye, ba na ganin komai sai hasken fitilu da inuwar masu wucewa, amma jikina na ba ni ana kallona. Na yi ta karanta duk addu'ar da na sani. Tunanina biyu ne, ko aljani ne ya shiga tsakani, ko wani mugun mutum ne ke bibiyar yarinyar da sunan uwarta. Abin da ya kamata shi ne in taka in sami Alhaji a shagonsa in tambaye shi, amma na riga na yanke masa hukunci a raina, ga kuma alkawarin da na yi wa Hajiya. Haka na ci gaba da karanta wa yarinya saƙon matar da ke kabari, ita kuwa tana murmushi tana cewa in maimaita.

Ana gobe wasan ƙarshe, wanda ƙungiyar yarinyar ta kai, saƙo ya zo da la'asar. Umma ta ce kada ta ji tsoro, gobe tana kusa da ita, tana kallonta. Nan hankalina ya gushe. Ban shawarci kowa ba, na ja kwamfuta na rubuta a ƙasan saƙon, a fili inda kowa ke gani, cewa ko mutum ne ko aljan ya ji tsoron Allah, matar da yake ara wa baki tana kabarinta, ya ƙyale marainiya ta huta. Niyyata da safe in goge, bayan mai rubutun ya gani. Na manta sarai cewa ni da kaina na koya wa yarinyar buɗe shafin.

Da safe mota ta ɓata mini lokaci. Ina shiga ofis na same ta zaune gaban kwamfuta, da rigar sanyinta, tsintsiyarta a jingine a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta juyo a hankali ta tambaye ni wace ce marainiyar. Fuskata kawai ta kalla ta gane. Ta tashi ta wuce ni, ta taka kan ƙanƙara har tsakiyar da'irar ta zauna. Yara suka daina wasa, malamin yana ta tambayata me ya faru. Sai muka ji gudu daga sama. Wani mutum ne cikin kaftani yake saukowa daga bene, ya ture mai gadin ƙofa, ya faɗa kan ƙanƙara da takalmin kasuwa, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa wajenta da rarrafe. Alhaji ne.

Ashe kullum yana nan. Ya bar shago ya zo ya tsaya can sama bayan gilashi yana kallonta, don ba ya iya daɗewa a gabanta, kar ta dube shi ta gane. Daga nan ya wuce shagon kwamfuta ya rubuta da yatsa ɗaya. Daga baya da na je ba shi haƙuri, bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce shi ma bai san inda maganganun ke fito masa ba, in ya zauna sai ya ji su da muryar matarsa kamar tana tsaye a bayansa, kuma a duk yini wannan ne kaɗai lokacin da ba ya jin ta mutu. Ya ce takardun sun fito, jira yake a gama wasan ya kai ta gida ta ji a kan cinyar kakarta.

Ƙungiyarsu ba ta buga wasan ba. Ranar da za su tafi na je na durƙusa gaban yarinyar nan na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe mini. Sai ta ƙara da cewa, Anti da dai kin bari na buga tukuna, tunda Umma ta ce za ta kalla.

Na rufe shafin, na gama karatu, na dawo gida, yau ina da nawa 'ya'yan, amma maganar nan ba ta bar kunnena ba. Ban ce abin da Alhaji ya yi daidai ne ba, shi ma ya sani. Sai dai shi ƙauna ce ta sa shi, ni kuwa tsoro ne da zargi da gaggawa. 'Yan'uwa masu riƙe shafuka da zaurukan waya, ku da hannunku ke ƙaiƙayin ku riga kowa faɗa, ina roƙonku, duk abin da ya ɗaure muku kai ku taka ku sami mai shi ku tambaya kafin ku rubuta. Labarin rasuwa yana da masu faɗarsa, yana da wurin da ake faɗarsa. Yarinyar nan ta ji mutuwar uwarta ita kaɗai a ɗaki mai sanyi, babu ko wanda zai riƙe ta, kuma ni na rubuta mata. Ku sa ta a addu'a, ni ma ku sa ni.