Ranar da Na Kawo Dare da Azahar

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni in kawo dare da azahar ba. A Jiratawa ne, wani ƙauye kusa da Maraɗi, zamanin Nasara.

Ni ke kula da dokin Mushe Illa, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Daga aikin dole na hanyar Damagaram ya ciro ni. Shi ne ya fara tara tatsuniyoyinmu don ya yi wa yara littafi. Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ba shi kwana goma, ya ce in littafi bai kammala ba, malam ya koma aji, mai kula da doki ya koma fasa dutse. Takardar izinin fita kuwa ta rana ce, dole mu dawo gari kafin magariba.

Mai tatsuniyoyin wata tsohuwa ce, Kaka Gwamma. Ta ce, "Ɗana, ba a yi da rana. Mai yi ɓata yake."

Mushe ya dube ni. "Ɗan Baƙo, kawo mata dare."

Na rufe ɗakinta da zana da barguna, har da na sirdin doki. Suka shiga. Ta ce, "Wane irin dare ne zakara ke cara?" Na kife kajin gidan da kwanduna. Ta ce tana jin daka. Na roƙi mata suka ajiye taɓare. Ta ce, "Ina gyare?" Na tsuguna bayan ɗaki na yi kukan gyare. Ta ce, "Daren garinmu da kura." Na yi kukan kura. Maza suka fito da sanduna. Haƙorin nan da babu, can na baro shi.

Sai ta yarda dare ya yi. Mushe ya kunna fitila, gumi na ɗiga a takarda, ta fara. Zomo ya shiga gonar sarki, an kama shi, sai muka ji minshari. Dare ne, ta yi barci. Muka tashe ta, ta ce, "Ba ku da kunya? Ku dawo gobe."

Washegari ta ɗauko wata sabuwa. Kwana tara, tatsuniya tara, ba mai ƙarshe.

A hanyar gida Mushe ya ce, "Kai ba ka da kaka? Yaya suke ƙarewa?"

Na ce, "An kai zomo fasa dutse."

"Kurciya fa?"

"Fasa dutse."

"Haba, Ɗan Baƙo, littafin yara ne!"

"To, su sani tun yanzu."

 Lokaci ya ƙure, ya rubuta yadda na faɗa. Kurciya kaɗai ya ceta, ya aurar da ita.

Kumandan ya sa aka fassara masa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce ashe kakanninmu ma sun san darajar aikin hanya. Aka buga littafi, ni kuma na zauna da dokina. Mushe ya yi wasu littattafai bayan wannan, har ya rasu bai sake tambayata ƙarshen kome ba.

Abin da na gane a aikin nan, suna ɗaya ake sawa a bangon littafi, wanda ya sha sanda ba ya ciki.

Yanzu ina gadin wata lakwal a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Da hantsi nakan ji yara suna rera ƙarshen zomo baki ɗaya, malaminsu na cewa hikimar mutanen da ce. Ina zaune bakin ƙofa ina jin su.