Zanen Inna a jikin basfar Baba

Makon jiya maƙwabcinmu ya sa aka shafa wa ƙyauren gidansa sabon fenti. Na fito shanya ke nan warin ya bugi hancina, sai na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu na manta abin da ya fito da ni. Warin nan, haɗe da na kananzir ɗin wanke buroshi, shi ya cika tsakar gidanmu na Dutse a wata bazara, ina ajin ƙarshe na firamare.

Daga wani ƙauye kusa da Miga muka taso, bayan an ba mu jiha an mai da Baba aiki sakateriya. Kaka, mahaifin Baba, ya biyo mu daga baya, da ciwon gwiwa ya hana shi bin shanu ya bar wa ƙannen Baba garken. A zaure yake wuni a kan buzu, yana kallon hanya da duwatsun da ke bayanta. Baba kuwa yana da basfa mai ruwan toka. In ka san Dutse ta wancan lokaci, ka san kusan kowane ma'aikaci irinta yake hawa, launi ɗaya, kuka ɗaya. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure wa Kaka kai. Yakan tambayi Baba yadda suke gane nasu, Baba ya ce ai akwai lamba. Kaka ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa zagayawa bayan saniya kafin ya san tasa ce ba.

Ni ce mai tarar Baba kullum. Da na ji kukan basfa daga kwana sai in ruga, ya tsaya in hau in tsaya a gabansa, mu ƙarasa ƙofar gida. Wata rana da la'asar na hau kamar kullum, sai na ji wurin ya yi mini baƙo. Robar da ake taka ƙafa a tamu ta yage ta hagu, nan nake cusa babban yatsana. Wannan kuwa lafiyarta ƙalau. Da muka tsaya na buɗe akwatin gefe inda Baba yake sako mana dabino, sai ga wasu ƙananan takalman yaro, sababbi.

"Baba, wannan ba tamu ba ce."

Ya yi dariya, ya zagaya ya dubi lamba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. Shekarar da aka fara shari'a ke nan, ko a bakin rijiya ko a filin makaranta zancen ke nan, mu yara har gardama muke yi kan wane hannu ake yanke wa ɓarawo. Baba yana cikin waɗanda suka yi murna da zuwanta, kuma ya san alƙali ba ya hukunta kuskure. Abin da ya ji wa tsoro shi ne jama'a, da sunan da za su laƙa masa kafin a kai ga alƙalin. Mukullinsa ne ya sule har ya buɗe ta wani.

Ko ruwa bai sha ba ya juya kan basfar. Kaka ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Tafi da amaryata." Haka yake kirana. "In sun gan ka da yarinya a gaba, za su saurare ka."

Mun tarar da mutane cirko-cirko a bakin ofis, ana ta yi wa maigadi faɗa, tamu kuwa tana tsaye ita kaɗai ƙarƙashin darbejiya. Da suka hango mu duk suka juyo. Baba ya tsayar da basfar. Ya yi sallama, ya sauka, ya ba da haƙuri. Mai basfar wani malamin gona ne mutumin Ringim, dogo, ya cire hula yana fifita da ita. Ni ya kalla. Na miƙa masa takalman da hannu biyu. Ya jujjuya su, sannan ya taka zuwa tamu ya zura nasa mukullin. Ta buɗe. Shi ya fara dariya, sauran suka biyo baya.

Ranar Asabar Baba ya dawo daga kasuwa da ƙananan gwangwanayen fenti, ja da fari, da buroshi da samfefa. Ya ce zai yi wa basfarsa shaida. Ya fara gwadawa a kan wani tsohon langa-langa, layin ya fito a karkace, fentin yana zuba kamar hawaye. Ya sake, haka. Bai yi fushi ba, ya dai zauna ya tasa langa-langan a gaba yana nazari. Da na kawo masa ruwan wanke hannu sai ya riƙe tsintsiyar hannuna. An yi suna a maƙwabta, Inna ta yi mini lalle, layuka sirara a miƙe tun daga yatsu.

"Yaya aka yi wannan ya miƙe haka?"

Na ce da salatif ake yi, a yanka a manna, a shafa lalle, in ya bushe a ɓare. Ya ƙwala wa Inna kira. Da ta ji abin da yake so sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Malam, ƙarfe ai ba ƙafar mace ba ce." Ya ce ta gwada dai a gani.

Ranar aka fara shigo da basfa tsakar gida. Muka kulle kaji, muka wanke ta da sabulu, Baba ya goge wurin da samfefa. Inna ta kifa faranti ta shimfiɗa salatif a bayansa tana yanka da reza. A gaba abin ya yi sauƙi, amma kwankwason basfa a kumbure yake, salatif mai faɗi sai ya tattare. Ta ɓare, ta yanka shi siri-siri, tana bin lanƙwasar tana danne baki da farce. Kaka ya dogaro sandarsa ya shigo, shi ya zaɓi zanen: fari mai faɗi a tsakiya, ja siriri sama da ƙasa, daga gaba har baya, kamar wata saniya da ya taɓa yi.

Sai gardama ta tashi kan lokacin ɓarewa. Inna ta ce a bari ya bushe kamar lalle, Baba ya ce yana shakka. Ni na ce a gwada a langa-langa. Wanda ya bushe ƙarau ya taso da bakin fentin, wanda ya sha iska kaɗan ya fita tas. Zafin bazara bai ba mu dogon jira ba. Inna ta kama bakin salatif ta ja a hankali, duk muka sunkuyo, har ƙanena ya daina tsotsar yatsa. Layi ya fito ƙal. Wuri ɗaya ne kusa da fitila jan ya kutsa cikin fari. Baba ya ɗauko reza zai kankare, Kaka ya hana, ya ce wannan ne babu wanda zai iya kwaikwaya.

Ba a jima ba mutumin Ringim ya yi sallama da tasa basfar da gwangwanin kore. Bayansa wasu suka biyo. Su zauna a zaure da Kaka, mu tura basfar ciki, kuma Inna ba ta taɓa maimaita zane ba. Yawancinsu sun ɗauka aikin Baba ne, sai ya ce musu a'a, na cikin gida ne.

Yanzu basfa ta yi wuya a Dutse, sai 'yan ƙalilan a hannun tsofaffi. Masu babur da a-daidaita-sahu sitika suke saya a kasuwa, iri ɗaya a jikin kowa. Kaka da Baba duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Inna tana nan, ido ya yi rauni. Kwanaki na tambaye ta ko ta taɓa ganin zanenta a kan titi, tunda a lokacin ba ta cika fita ba. Ta ce sau ɗaya, ranar da Baba ya ɗauke ta zuwa dubiya asibiti, ya bi da ita ta gaban sakateriya da gangan ya rage gudu. Ta gan su a jere a inuwa, ta gane kowace.

Ta ƙara da cewa, "Sai da muka wuce na ce ya juya mu sake bi."